Haƙorin Kofur Yohanna

Yohanna Shekari mutumin ƙasar Zonkwa ne, amma a Sabon Tasha ya yi rabin rayuwarsa, kuma a nan ba mai kiransa da sunan da aka raɗa masa. Kofur ake ce masa. Ya shiga soja a zamanin yaƙin basasa, aka sa shi cikin masu busa, ya koyi begila, wato ƙahon tagullar nan da ake tashin soja da shi. Da aka sallame su sai ya sami aiki a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri, yana tsayawa a gaban injin saƙa. Igiyoyin kofur sun tafi tare da kaki, sunan dai ya zauna. Begila kuwa ya sayi tasa a hannun wani tsohon ɗan sanda, yana ajiye ta naɗe cikin guntun jan bargo a saman kabad.

Duk wanda yake so ya fahimci abin da ya same shi a shekarar 1986, dole ya fara sanin halinsa. Kofur mutum ne mai abu guda a kowace buƙata. Wanzaminsa ɗaya, Malam Nuhu, wanda yake aski a gindin mangwaro kusa da layin dogo. Telansa ɗaya. Mahaucinsa ɗaya, ko da ranar naman bai yi kyau ba. An sha ganinsa a bakin titi yana barin bas ta wuce da gurbi a ciki, don ba ta direbansa ba ce. Wannan hali yana da suna mai kyau, shi ne riƙon amana, kuma ba ya da yawa a cikin mutane. Sai dai gishiri ma abu ne mai kyau, amma akwai tukunyar da ba a zuba shi.

Abu na biyu shi ne Kirsimeti. Kowace shekara da safiyar ranar, ikilisiyarsu takan yi jerin gwano daga bakin kasuwa zuwa majami'a, zumuntar mata suna kaɗa tuluna da caki, maza a baya, Kofur a gaba yana busa. Ba a taɓa tashi ba sai ya busa. Yana da mataimaki, wani kafinta mai suna Ishaya, magidanci mai furfura a gemu, wanda shi ma ya iya begila tun yana saurayi. Aikin mataimakin a duk shekarun nan shi ne riƙe jan bargon.

Mai busa begila da leɓɓansa yake busawa, amma leɓɓan a kan haƙoran gaba suke jingina, kamar yadda ƙyaure yake dogara da madogarinsa. Da damina ta yi nisa a wannan shekara, sai wani baƙin ɗigo ya bayyana a haƙorin Kofur na sama, na gaba, na hagu. Da farko ruwan tulu ne kawai yake tayar da shi. Daga baya iska ma ta isa.

Neman likitan haƙori a kudancin kogin da ya raba garin biyu, inda Sabon Tasha take, a shekarun nan ba ƙaramin aiki ba ne, Kofur kuwa ya yi shi bi da bi. A kasuwa akwai wani mutum mai turara baki da hayaƙi, yana fitar da tsutsotsi a faranti yana nuna wa jama'a. Kofur ya tsaya ya kalli aikin a bakin mutum uku, ya lura tsutsotsin duk tsawonsu ɗaya, ya wuce. Mai kemis ya ba shi ƙwayoyi, suka yi aiki na rabin yini. A ɗakin shan magani na masaƙa aka ce masa su da yatsun da inji ya kama suka saba, haƙori sai tsallaken kogi. Ya hau bas ya ƙetare gada, ya tarar marasa lafiya sun yi wa likitocin can yawa, aka yanka masa rana bayan sabuwar shekara. Ya yi godiya ya dawo, don haƙorin da za a duba a Janairu ba zai busa Kirsimeti ba.

Matarsa Lydia, wadda take sayar da doya da manja a kasuwa, ita ta kawo labari. Wata mai sayen doyarta ta ce an buɗe sabon asibiti a kan hanyar Kachia, a saman bene, bisa wani shagon kayan gyaran mota, kuma akwai wani Dokta Alexander da ya cire mata haƙori ba ta ma sani ba sai da ya nuna mata.

Kofur bai tafi nan take ba. Sai da ya binciki likitan kamar yadda ake binciken mai neman auren 'yar mutum. Ya gano ɗan Binuwai ne, ubansa malamin makaranta ne, ba ya sha, yana gaida manya a tsaye, kuma ba a taɓa jin ya daka wa mara lafiya tsawa ba. Da ya gamsu sai ya sa rigar coci ya tafi. A ƙofar benen akwai allo mai sunaye huɗu. Ya karanta wanda ya bincika, sauran ukun kuwa ya ɗauka 'yan haya ne.

Nan ne bincikensa ya gaza, domin ya binciki mutum, bai binciki gida ba. Likitocin nan huɗu sun bar aikin gwamnati ne a lokacin tsuke bakin aljihu, kuma babu ɗayansu da yake da ƙarfin buɗe asibiti shi kaɗai. Sai suka haɗa hannu: biyu na haƙori, ɗaya na mata da yara, ɗaya na sauran cututtuka. Haya ɗaya, janareta ɗaya, nas ɗaya, kujerar haƙori ɗaya tilo da likitocin haƙorin biyu suke karɓa-karɓa a kanta. Wanda ya shigo ba mara lafiyar wane ba ne, na gidan ne. Sukan zauna su tattauna abin da kowa ya gani a bakin kowa, domin idan ɗaya ba ya nan, ɗayan ya ɗora daga inda aka tsaya. Tsari ne mai hankali, kuma an rubuta shi a fili a jikin allon, ga mai karanta sunaye huɗu.

Dokta Alexander dogo ne, mai sanyin murya. Ya kwantar da Kofur a kujera, ya haska fitila, ya daɗe yana dubawa.

"Baba, wane aiki kake yi da wannan haƙorin? Ya goge ta gefe ɗaya."

"Begila," in ji Kofur, gwargwadon yadda mai buɗaɗɗen baki zai iya faɗa.

"To, za a cece shi. Ruɓar ta yi zurfi, amma ba ta kai saiwa ba."

Ya huda, ya kankare, ya cusa wani farin abu mai ƙanshin kanumfari. Ya ce wannan na wucin gadi ne, don ciwon ya kwanta, bayan mako biyu a dawo a cire a sa ciko mai ƙarfi. Kofur ya miƙe, ya kama hannun likitan da hannu biyu, ya ce, "Likita, daga yau na ba ka amanar bakina." Dokta Alexander, wanda hankalinsa ya riga ya koma kan mai bi, ya ce, "To, Baba, na gode." A wurin likitan sallama aka yi. A wurin Kofur alkawari aka ƙulla.

Da ranar ta zo, nas ɗin gidan, Sista Comfort, ta kai shi ɗakin da ya sani. Kujerar tana nan, fitilar tana nan, amma wanda yake wanke hannu a bakin famfo gajere ne, kakkaura, mai fara'a.

"Sannu da zuwa, Baba Kofur. Ni ne Dokta Shehu. Bismilla, hau."

Kofur bai hau ba. "Ina likitana?"

"Yana Legas. Mun yi odar kujera ta biyu, ta iso bakin teku, ya tafi ya fito da ita."

"Yaushe zai dawo?"

"Ranar da kujerar ta yarda, Baba. Takardunta sun fi ta nauyi."

"To, zan jira."

"Kai kana iya jira," in ji Dokta Shehu. "Haƙorin ne ban sani ba. Yanzu fa kamar gora yake, ciki fanko, an toshe baki da ɗanyar ƙasa. Rabin sa'a ya ishe ni."

Kofur ya gyara tsayuwa irin ta soja. "Likita, ba raini ba ne. A garinmu idan maɗori ya ɗora ƙafa, shi yake kwance ta. Ba a ɗaukar karaya daga hannun wannan a kai hannun wancan. Hannu biyu a kan ƙashi ɗaya, ƙashin rikicewa yake yi, kuma an ci fuskar na farko."

"Gaskiyarku, a wurin maɗorai. Kowanne da tofinsa da sirrin gidansu. Mu ba mu da sirri. Ni da Alexander aji ɗaya muka zauna, malami ɗaya ya zage mu. Kafin ya tafi ma sai da ya ce mini, akwai wani dattijo, na sama, na hagu, mai begila, ka bi shi a hankali, Kirsimetin Sabon Tasha a jikin haƙorin nan yake rataye."

Dokta Shehu ya faɗi haka ne don ya kwantar masa da hankali. Fuskar Kofur kuwa sai ta ƙara ɗaurewa.

"Ya faɗa maka abin da ke cikin bakina?"

"Aikinmu ke nan, Baba."

"Zan yi magana da shi in ya dawo."

"To, Allah ya kai mu. Amma don girman Allah ka ajiye busa har a gama."

Ya kamata a yi wa Kofur adalci a nan, domin wasu a unguwa sun ce ya ƙi ne saboda likitan ɗan Unguwar Mu'azu ne, ba ɗan coci ba. Wannan zance ba ya tsayawa. Mutumin da yake miƙa maƙogwaronsa ga askar Malam Nuhu kowace Asabar ba zai ji tsoron ɗan madubin da Dokta Shehu yake duba baki da shi ba. Kuskurensa na wani iri ne, kuma ya fi wuyar magani, don an gina shi a kan abu mai kyau. Ya ɗauki dokar da take daidai a gidan maɗori ya kawo ta gidan da aka kafa domin a rushe ta.

Lydia ta gwada nata a tsakar gida, tana feraye doya.

"Baban Juliana, injin nan da kake tsayawa a gabansa, in lokacinka ya cika wa yake karɓa?"

"Abokin aikina, Monday."

"In Monday ya tashi fa?"

"Wani Albert, na dare."

"Inji yana tsayawa ya jira ka?"

"Inji ba ya tsayawa."

Ta kama gefen zanenta ta miƙo masa. "To, nuna mini. A atamfar nan, daga ina naka ya ƙare na Monday ya fara?"

Kofur ya dubi zanen, ya dubi matar. "Maman Juliana, atamfa ba ta jin zafi."

Amsa ce mai kyau, kuma ta rufe bakin Lydia a ranar, abin da ba kullum ake samu ba. Sai dai idan aka auna ta, hujja ce a kansa. Abin da ba ya jin zafi shi ne yake iya jira. Mai jin zafi shi ya fi buƙatar a sami mai karɓar aiki.

Haka aka shiga kaka. Duk ranar da ba ya aikin safe, Kofur yakan hau benen ya tambayi Sista Comfort ko likitansa ya dawo. Takan ce, "Tukuna, Baba, amma Dokta Shehu yana ciki, ba kowa a kujera." Shi kuma ya ce a gaishe shi. Wani lokaci likitan yakan fito da kansa su gaisa, su tambayi iyali, su yi hirar tsadar kaya. Har suka saba. Dokta Shehu yakan yi ƙoƙarin sa shi dariya don ya hango haƙorin, Kofur ya gane dabarar, ya koma yin dariya da hannu a baki.

Farin abin da aka cusa a haƙorin ya fita wata rana a cikin lomar tuwo. Kofur ya toshe ramin da auduga da garin kanumfari, bisa hujjar cewa ƙanshin ɗaya ne.

Da Disamba ta kama aka fara gwaji a harabar coci da yamma. Ishaya ya ce, "Kofur, tun da likita ya hana, bari in riƙa busa gwajin, kai ka adana bakinka don ranar."

"Wane likita ne ya hana?"

"Na benen nan."

"Ba likitana ba ne. Riƙe bargo."

Ya ɗora begila, ya busa kiran farko lafiya. A kira na biyu akwai wata murya ta can sama da ake danna bakin begila da ƙarfi kafin a kai gare ta. Ya danna. Ishaya ya ce daga inda yake tsaye ya ji ƙarar, kamar an taka busasshen kara. Kofur ya sauke begilar, ya miƙa a naɗe, ya ce gwaji ya isa haka. Kafin mako ya zagayo leɓensa na sama ya kumbura har yana taɓa hanci.

Dokta Alexander ya dawo ana saura 'yan kwanaki Kirsimeti, ya rame, da kujerarsa a bayan a-kori-kura. Kofur ne mutum na farko da ya hau sabuwar kujerar, ledar ma ba a gama cire mata ba. Likitan ya haska fitila. Wannan karon bai daɗe ba.

"Ya tsage har saiwa, Baba. Babu abin da za a cika. Sai cirewa."

Dokta Shehu yana tsaye a bakin ƙofa. Dokta Alexander ya dube shi, ya juyo ga Kofur.

"Me ya hana ka barin Shehu ya gama?"

"Amana na riƙe maka, likita."

Dokta Alexander ya ajiye madubin. "Baba, abin da ka ba ni amana haƙorin ne. Da zan tafi na danƙa shi a hannun da na fi yarda da shi a garin nan. Don haka muka haɗu tun farko, domin in ɗayanmu ya maƙale a Legas kada haƙorin kowa ya zauna jiransa."

"Kuma ka faɗa masa abin da ke bakina."

"Na faɗa. Yau ma zan faɗa masa."

Kofur ya buɗe baki, aka cire haƙorin. Wanda ya fara aikin shi ya gama shi, kamar yadda dokar maɗorai ta tanada.

A jajibirin Kirsimeti da rana, ya shiga bayan gida inda Lydia take kiwon kaji, ya gwada busa. Iskar ta bi ta giɓin ta tafi abinta. Abin da ya fito daga begilar bai sa ko kaza ɗaya ta ɗaga kai ba. Ya sake gwadawa, dasashin ya yi jini. Ya goge bakin begilar, ya naɗe ta, ya tafi shagon Ishaya ya ajiye ta a kan bencin aiki, tsakanin zarto da guduma.

"Kira na biyu kada ka yi gaggawa," in ji shi. "Mata ba sa iya tafiyar soja."

Da safe aka taru a bakin kasuwa. Ishaya ya busa, jerin gwano ya tashi. Kofur yana gefensa da jan bargo a kafaɗa, leɓe a rufe. Ishaya ya kai muryar nan ta sama ba tare da wahala ba, har ya ɗan daɗe a kanta fiye da yadda ake buƙata.

Bayan an tashi daga sujada, wata tsohuwa ta zumuntar mata, Mama Mary, wadda kullum take can ƙarshen layi saboda ƙafa, ta tare shi a ƙofa.

"Kofur! Busar bana ta fi ta kowace shekara. Allah ya ƙara maka numfashi."

Kofur ba ya karɓar abin da ba nasa ba. "Ishaya ne ya busa, Mama."

"Ishaya kafinta? Ashe!" Ta ɗan yi tunani. "To, ai mun dai iso coci." Ta wuce neman shinkafa.

A cikin sabuwar shekara, da dasashin ya warke, ya koma benen don a auna masa haƙorin roba. Sista Comfort ta ce Dokta Shehu ne babu kowa a wurinsa. Kofur ya shiga, ya ajiye hularsa, ya hau kujera.

"Baba, ba ka tambayi likitanka ba," in ji Dokta Shehu. "Yana ɗaki na gaba, in kira shi?"

"Ka gaishe shi. Yi aikinka."

Haƙorin robar ya zauna daidai, fari fiye da 'yan'uwansa. Yana tauna doya, yana fita a hoto, amma ba ya ɗaukar nauyin begila, kuma likitocin biyu bakinsu ya zo ɗaya a kan haka. Tun daga shekarar Ishaya yake busa Kirsimeti. Kofur ya riƙe bargo, yana kuma gyara masa kira na biyu ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba.

Kada a ɗauka mutumin ya sake gaba ɗaya. Da damina ta dawo, Malam Nuhu ya tafi garinsu noma, ya bar ƙanensa a gindin mangwaron da aska ɗaya, da kujera ɗaya, da koyarwar uba ɗaya. Kofur ya je ya gaishe shi, ya tambayi iyali, ya dawo gida da sumarsa. Lydia ta dube shi, ta buɗe baki za ta yi magana.

"Na sani," in ji Kofur. "Na auna. Gashi yana iya jira."

A wannan kam babu wanda ya sami hujjar da zai ƙaryata shi.